Samarin da ke ba da shekara guda saboda Allah

Manoma da makiyaya, ga wani labari daga ƙasar Amurka. Ƙasa ce mai nisa, sai an ƙetare teku. Amma labarin ya shafi shanu, ya shafi tukunya, ya shafi ƙarfin samari, don haka ba zai yi wa mai karatu wuyar ganewa ba.

A can akwai samari da ƴan mata waɗanda in sun gama lakwal ba su wucewa neman aikin albashi nan da nan. Sai su ware shekara guda cur, su ba da ita ga mabukata. Ba a biyansu albashi. Ana ba su wurin kwana da abinci da ɗan kuɗin sabulu. Suna zama gida ɗaya, mutum huɗu ko shida ko takwas, waɗanda a da ba su san juna ba. Su Kirista ne galibinsu, kuma sun ce addininsu ne ya sa su. In shekara ta cika, kowa ya kama gabansa, wasu sabbi su zo.

Mafarin abin

Akwai wata jama'a ta Kirista da ake kira Ƴan'uwa. Mutum takwas suka kafa ta a wani ƙauye na Jamus mai suna Shuwarzenau, a shekarar 1708. Da aka matsa masu, sai suka yi ƙaura zuwa Amurka daga 1719. A wancan zamani yawancinsu manoma ne masu shanu. Abin da aka fi saninsu da shi shi ne ba su ɗaukar bindiga. Sun ce addininsu ya hana su kashe mutum, ko da a fagen yaƙi ne.

Wannan suna ba baƙo ba ne ga mutanen Najeriya ta arewa maso gabas. A 1923 mutanensu biyu suka sauka Garkiɗa, suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya. Daga nan aka samu Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya.

Tun kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a 1941, gwamnati ta fara kiran samari aikin soja. Samarin Ƴan'uwa da yawa suka ƙi, su da na wasu jama'u biyu masu irin wannan ra'ayi. Gwamnati ta ce to, wanda ba zai yi soja ba sai ya yi wani aiki. Mutum wajen 12,000 suka shiga wannan aiki tsakanin 1941 da 1947. Sun dasa itatuwa, sun tare zaizayar ƙasa, sun kashe gobarar daji, sun yi jinyar masu taɓin hankali. Gwamnati ba ta biya su ko tamma ba. Jama'arsu ce ta ciyar da su. Mutanen gari kuwa da dama sun riƙa kiransu matsorata.

Karsana ta fi kofin madara

A cikin Ƴan'uwa akwai wani manomi daga jihar Indiyana, sunansa Dan West. A 1937 ya tafi ƙasar Sipaniya, inda ake yaƙin basasa, don rabon agaji. Aikinsa shi ne dama garin madara yana ba yara kofi ɗaya ɗaya. Madarar ba ta isa. Kullum sai an zaɓi yaron da za a ba, a bar wani. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya yi tunani irin na mai dabbobi: kofin madara na yini ɗaya ne, saniya kuwa ta shekaru ce.

Da ya koma gida ya bi maƙwabtansa manoma, ya ce kowa ya ware karsana. A 1944 aka sa karsana 17 a jirgin ruwa zuwa tsibirin Fotoriko. Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Gidan da ya samu karsana, in ta haifi maraƙa mace ta fari, sai ya ba wani gidan da ba shi da ko ɗaya. Shi ma wancan ya yi haka.

Makiyayi zai ce ai wannan habbanaye ne. Kusan haka ne, amma da ɗan bambanci. A habbanaye Bafillace yana ba ɗan'uwansa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, uwar ta koma ga mai ita. A tsarin Dan West uwar ba ta komawa, ɗiyar ce ke wucewa gaba. Fulani sun riga shi da daɗewa, shi dai ya gano hanyar da kansa.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, ƙasashen Turai sun wayi gari ba dawakin noma, ba shanun tatsa. Wata hukumar agaji ta ƙasashen duniya mai suna UNRRA tana da jirage da dabbobi, amma ba ta da masu kiwo. Ƴan'uwa suka ce su za su nemo. Daga 1945 zuwa 1947 mutum wajen 7,000 suka hau jirage, da yawansu yaran ƙauye ne da ba su taɓa ganin teku ba. Sun raka dabbobi wajen 300,000, dawaki da alfadarai da shanu, zuwa Polan da Girka da Italiya, har ƙasar Sin. Sai mai karatu ya auna: mako biyu ko fiye a cikin jirgi, igiyar ruwa na jijjiga shi, mutum na amai, ga shi dole ya ba dabbobi ciyawa da ruwa, ya kwashe kashi, wani lokaci ya karɓi haihuwa.

Waɗannan yara sun ga garuruwan da yaƙi ya rusa da idonsu. Da suka dawo gida suka ba da labari, zukatan ƴan'uwansu samari suka motsa.

Yaro a kan akwatin lemu

A 1948 Ƴan'uwa suka yi babban taronsu na shekara a garin Kolorado Sifirins. Taron dattawa ne, an riga an tsara abin da za a tattauna. Samari suna da magana, amma ba ta cikin tsarin. Dan West ya taimaka masu suka rubuta ta. Suka wakilta wani ɗalibi mai suna Ted Chambers. Gajere ne ƙwarai, bakinsa ba ya kai wa ga na'urar magana. Sai ya zo da akwatin lemu na katako, ya taka, ya yi jawabi.

Abin da ya roƙa shi ne a buɗe wa samari hanyar da za su ba da shekara guda ga aikin taimako, ba don gwamnati ta tilasta masu ba, sai don sun ga dama. Dattawa suka saurara, suka amince. Kafin shekarar ta ƙare, rukunin farko ya taru a garin Niyu Winsa na jihar Merilan don a horar da shi. Daga wannan lokaci mutum fiye da 7,000 suka bi ta wannan hanya.

Abin lura a nan shi ne ba dattawa suka ɗora wa yara aikin ba. Yaran ne suka nema.

Yadda shekarar take

Kafin a tura kowa wurin aiki, sai a tara sabbin shiga wuri ɗaya na ƴan makonni. Ana raba su ƙungiya-ƙungiya, a ba kowace ƙungiya kuɗin cefane kaɗan, a ce ku ciyar da kowa. Yaron da uwarsa ke dafa masa tun haihuwa, ranar nan zai san farashin wake. An daɗe kuma ana yi masu wata jarrabawa: a kwashe su a mota, a sauke su biyu-biyu ko uku-uku a wani wurin da ba su sani ba, a ce su bi gida-gida suna neman aikin da za su yi kyauta, sa'an nan su nemo hanyar komawa. Wasu masu gida su karɓe su, wasu su rufe ƙofa. Ana so su ɗanɗana yadda baƙo marar kowa yake ji.

Bayan haka sai aiki. Na farko-farko sun tafi sansanin ƴan gudun hijira a Jamus da Ostiriya. Wasu sun zauna da leburorin gona masu bin kaka daga jiha zuwa jiha, suna kula da yaransu. Wasu sun yi ta ɗaure dilolin tufafi na agaji. Daga baya an tura wasu Hiroshima ta Japan, garin da aka jefa wa bam a 1945, wasu Ailan ta Arewa lokacin da Kirista ke faɗa da junansu. A cikin Amurka kanta aiki bai ƙare ba, don ƙasar masu arziki ce amma akwai masu kwana a titi. Ana dafa masu abinci, ana wanke tsofaffi, ana koya wa baƙi karatu.

Ba Ƴan'uwa kaɗai ke wannan ba. Ƴan Katolika suna da nasu, wanda limamansu da ake kira Jezuwit suka fara a 1956, lokacin da wasu ƴan mata da samari suka tafi koyarwa kyauta a wata lakwal ta yankin Alaska mai tsananin sanyi. Su ne suka fi ƙarfafa zaman gida ɗaya. Kuɗin abinci na kowa ana zuba shi asusu guda. Ana juya girki da shara, namiji da mace duk ɗaya. Dare guda a mako na addu'a ne tare, dare guda kuma na zama a faɗi abin da ke damun kowa.

A wajen 2015 kuɗin aljihun ɗan wannan ƙungiya dalar Amurka 100 ne a wata. Kada a ɗauka dalar nan ce ta tamma biyar. Da kuɗin sefa ya kai wajen jaka 60. A ƙauyen Maraɗi ko Tawa kuɗi ne masu kauri. A can kuwa, leburan da ya fi kowa ƙarancin albashi yana samun su a kwana biyu.

Waɗanda suka yi shekarar sukan ce aikin bai kai zaman gidan wuya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Yaron Amurka da yawa yana tashi da ɗakinsa shi kaɗai, da kwanonsa shi kaɗai. Yau ga shi da mutum biyar, wani ba ya cin nama, wani ba ya wanke kwano, wata ta kashe kuɗin mako a kwana uku. Ba uba a gidan da zai tsawata, ba wanda ya girmi wani. Dole su zauna su sasanta da bakinsu. Abin da ɗan ƙauye ya koya a gandu tun yana yaye, cin tuwo a akushi ɗaya da haƙuri da ƙane, su sai sun kai shekara 22 suke shiga makarantarsa. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa.

Inda abin yake da rauni

Ba za a ɓoye aibinsa ba. Shekara guda gajeruwa ce. Baƙo yana cin wata uku ko huɗu kafin ya san hannunsa na dama a wurin aiki. Lokacin da ya ƙware, yaran da yake koyarwa suka saba da shi, sai ga ranar tafiya. Marayan da ya riƙe shi kamar wa, bara ya yi ban kwana da wani, baɗi ma zai yi da wani. Shi ya sa waɗanda ake turawa ƙasashen waje akan nemi su yi shekara biyu.

Na biyu, ba kowa ke iya ba da shekara ba. Sai wanda gidansu zai ci abinci ko ba shi. A Amurka ɗalibai da yawa suna gama karatu da bashi a wuyansu, ɗan talaka kuwa ana jiran albashinsa na fari. Don haka yawancin masu zuwa ƴaƴan masu hali ne. Manomi ya san wannan lissafi sarai. Gidan da ke da saurayi ɗaya ba ya sakinsa da damana, ko da wane irin lada aka ambata masa.

Na uku, sau da yawa mai ba da taimakon ya fi wanda aka taimaka ƙaruwa. Ya koyi aiki, ya koyi zama da mutane, ya koma gida da ido buɗe. Da yawansu daga baya sun zama malaman lakwal da ma'aikatan likita. Ƙungiyoyin ba su musun wannan, har suna faɗa wa sabbin shiga cewa su je da niyyar koyo, kada su ɗauka su ne za su ceci kowa. Gaskiya ce, kuma gara da aka faɗe ta.

Reshen da ya iso Nijar

A 1957 Ƴan'uwa da abokansu masu ƙin yaƙi suka kafa wata ƙungiya mai suna EIRENE, wato salama da harshen Girka. Nufinsu samarin Turai su ma su samu hanyar yin aikin taimako maimakon soja. Ƙasar Maroko suka fara zuwa. A 1973, lokacin babban farin da ya kashe dabbobi, ƙungiyar ta fara aiki a Nijar, wajen Agadas, tare da makiyaya da masu garka.

Waɗanda suka zo sun tarar da ƙasar da aikin taimako ba sabon abu ba ne. Akwai gayya, inda samari ke nome gonar tsoho ko ta marar lafiya a yini ɗaya, ladansu fura da kiɗin ganga. Akwai almajirai da ke zama tsangaya ɗaya shekara da shekaru, suna noma gonar malam. A zamanin shugaba Saini Kunce, daga 1974, samariya ta gina azuzuwan lakwal da yawa da tubalin da ta buga da hannunta. Bambancin shi ne gayya ta ƴan gari ce, kowa ya san gonar wa ake nomewa, kuma ya san wata rana za a zo tasa. Su waɗancan suna tafiya wurin mutanen da ba danginsu ba, ba addininsu ɗaya ba wani lokaci, kuma ba su sa ran za a rama masu.

Dan West ya rasu a 1971. Aikin karsana da ya fara ya girma ya zama ƙungiya mai zaman kanta, ta kai dabbobi ƙasashe fiye da 100, har da awaki da kaji da ƙudan zuma. Sharaɗin nan na miƙa ɗiyar fari ga maƙwabci shi ne ta riƙe tun daga karsana 17 na farko.