Miliyan Ɗaya: Siffofinsa a Lissafi da Sunayensa a Hausa

1. Gabatarwa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun maida hankali ga daidaita rubutun Hausa. Sunayen manyan adadai kuwa suna buƙatar nasu nazari, domin da su malamin yaƙi da jahilci yake koyar da lissafi. Wannan maƙala ta ɗauki adadi guda, watau 1.000.000, ta duba siffofinsa da sunayensa.

2. Siffofinsa a lissafi

Adadin nan cika ne, ba mara ba, domin yana rabuwa biyu ba saura. Murabba'i ne, tun da dubu sau dubu ne. Haka kuma ɗari sau ɗari sau ɗari ne. In aka warware shi har saiwarsa, ba a samun kome sai 2 da 5, kowane an ninka shi da kansa har sau shida: 64 × 15.625. Daga nan ake gane cewa adadai 49 ne suke raba shi daidai, daga 1 har zuwa shi kansa.

3. Sunayensa

Hausa tana da hanya uku ta kiransa: dubu dubu, da zambar dubu, da miliyan, wanda aro ne daga harsunan Turai. Na farko yana da illa, domin "dubu dubu" yana kuma nufin a ba kowa dubu. Na biyu ya fi fayyace ginin adadin, amma na uku ya fi yawo a bakin jama'a.

4. Ƙidayar kuɗi

A zamanin wuri, keso ɗaya wuri 20.000 ne, saboda haka miliyan keso hamsin ke nan. A kasuwannin Yamai kuwa da dala ake ƙidaya, kowace dala tamma biyar. Mai sayarwa ya ce "ɗari", nufinsa tamma 500. Jika kuma dala metan ce, watau tamma 1.000. Miliyan ɗin sefa ke nan jika dubu, ko dala 200.000. Ɗalibin da ya saba da wannan ƙidaya, in ya ga 100 a allo, sai ya ce "ɗari", in ya gan ta a jikin kuɗi ya ce "ashirin".

5. Shawara ga masu tsara littattafai

Na farko, a raba darasin adadi tsantsa da darasin kuɗi, a koyar da ninkawa da rabawa da biyar a matsayin gada tsakaninsu. Na biyu, a kawar da harshen damo: "dubu ɗari da biyar" tana iya zama 100.005 ko 105.000; a rubuta "dubu ɗari da guda biyar" ga na farko, "dubu ɗari da dubu biyar" ga na biyu. Na uku, a lura cewa "miliyar" ta Nijar da "biliyan" ta Nijeriya abu ɗaya ne, watau miliyan dubu, alhali biliyan a Faransanci miliyan miliyan ne. Mai fassara kasafin kuɗi da ya rikita su ya yi kuskuren ninki dubu.