Tsakanin Suna da Kujera

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a kan kalma ɗaya tak ta Ingilishi, wadda takan cika kunnuwanmu duk lokacin da aka buga gangar siyasa, ko shugaban ƙasa ya aika wa majalisa jerin sunaye. Kalmar ita ce nominate. Ƙarama ce a baki, amma ta sha sa mutane ɗinka sababbin kaya da yanka raguna, sannan a wayi gari kujerar da ake yi wa murna ta tafi hannun wani. Ku biyo mu.

(KIƊA YA ƊAN TASHI, SANNAN YA SAUKA)

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda nomen ke nufin suna, kuma ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Aikinta bai wuce haka ba: ka ambaci sunan wani a gaban masu yanke hukunci, ka ce ga wanda nake ganin ya dace. Wanda aka ambata shi ne nominee, ambaton kansa kuwa nomination. Daga nan ne 'yan siyasarmu suka samo abin da suke kira fom ɗin takara.

Masu koyon Turanci su lura da 'yan ƙananan kalmomin da ke biye da ita. Idan muƙami ne ko lambar yabo, akan ce for, kamar a ce nominated for president. Idan matsayin mutum ake bayyanawa, sai a ce as, kamar nominated as the party's candidate. Idan kuma kwamiti ne ko kotu za a tura shi, sai a ce to, kamar nominated to the Supreme Court. Hausa ba ta haɗa waɗannan duka a bakin kalma ɗaya ba. Jam'iyya tana tsayar da ɗan takara. Ɗan majalisa yana gabatar da sunan abokinsa. Shugaban ƙasa yana miƙa sunaye. Naɗi daban, zaɓe daban. Matsala takan taso ne idan mai fassara labarai ya yi sauri, ya ce an naɗa wane, alhali sunansa kawai aka miƙa. Sa rana ai ba ɗaurin aure ba ne.

Bari mu shiga zauren Majalisar Dattawan Najeriya mu ga yadda abin yake a aikace. Ranar 13 ga Yunin 2023, akawun majalisa ya nemi a kawo sunayen masu neman shugabancinta. Sanata Ali Ndume ya miƙe ya gabatar da sunan Godswill Akpabio, Sanata Solomon Adeola ya mara masa baya, Akpabio kuma ya tashi ya ce ya karɓa. Aka gabatar da sunan Abdul'aziz Yari shi ma. Har zuwa wannan lokacin babu shugaba a zauren, 'yan takara biyu ne kawai. Sai da aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya suka jefa ƙuri'a, aka ƙirga, Akpabio ya sami 63, Yari ya sami 46, sannan aka rantsar. Matakai huɗu ke nan: gabatarwa, mara baya, karɓa, sai ƙuri'a. Kalmarmu ta yau na farkon kaɗai ta ɗauka.

(GAJEREN KIƊA)

Tsarin mulkin Amurka ya raba abubuwan biyu a cikin jimla guda. Ya ce shugaban ƙasa shi ke gabatar da sunan jakadu da alƙalan Kotun Ƙoli, amma ba zai naɗa su ba sai da shawara da amincewar Majalisar Dattawa. Alƙali Merrick Garland ya ɗanɗana faɗin ratar da ke tsakani. Shugaba Barack Obama ya gabatar da sunansa a matsayin alƙalin Kotun Ƙoli ranar 16 ga Maris ɗin 2016. 'Yan jam'iyyar Rifablikan da ke da rinjaye a majalisar suka ƙi ko da zaman sauraronsa. Sunan ya zauna a kan tebur har wa'adin majalisar ya ƙare a watan Janairun 2017, kujerar kuma ta koma hannun Neil Gorsuch, wanda Donald Trump ya kawo.

Najeriya ta ɗauko wannan tsari. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi. A watannin Yuli da Agustan 2023, Shugaba Bola Tinubu ya miƙa sunaye 48, majalisa ta tabbatar da 45, ta dakatar da uku bisa dalilin jiran rahoton tsaro. Cikin ukun har da tsohon gwamnan Kaduna, Malam Nasir El-Rufai, wanda ya riga ya bayyana a gaban majalisar ya amsa tambayoyi. Kafin wannan, Ibrahim Magu ya shugabanci hukumar EFCC na tsawon shekaru a matsayin riƙo, domin sau biyu majalisa tana ƙin tabbatar da shi, a Disambar 2016 da kuma Maris ɗin 2017.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Kano, idan gadon sarauta ya zama babu kowa, Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Bai ne ke zama su tace 'ya'yan sarki, su miƙa sunaye ga gwamna. Nasu gabatarwa, nasa naɗi.

Sai dai akwai wuraren da kalmar take ɗaukar ma'anar naɗi kai tsaye, kuma ya kamata mai saurare ya san su. A Indiya, shugaban ƙasa yana da ikon saka mutum 12 a majalisar dattawan ƙasar, daga cikin waɗanda suka yi fice a adabi da kimiyya da fasaha da hidimar jama'a. Ta wannan ƙofar ce Lata Mangeshkar, mawaƙiyar da masoyan finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka san muryarta sarai, ta shiga majalisar a 1999, ba tare da an jefa mata ƙuri'a ko ɗaya ba. Saboda haka tambayar da za ka yi idan ka ji kalmar ita ce: akwai sauran wanda zai amince, ko magana ta ƙare?

(GAJEREN KIƊA)

Kada wannan bayani ya sa wani ya raina matakin. A siyasar Najeriya shi ne ƙofar da ba a tsallake ta, domin tsarin mulki bai ba ɗan takara mai zaman kansa dama ba. Sai jam'iyya ta tsayar da kai sannan hukumar zaɓe ta san da zamanka. Kuma kotuna sun nuna cewa ba wasa a nan.

A Disambar 2006, Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP a jihar Ribas, jam'iyyar ta sauya sunansa da na Celestine Omehia. Omehia ya ci zaɓe, aka rantsar da shi. Ranar 25 ga Oktoban 2007, Kotun Ƙoli ta ce Amaechi ne halastaccen ɗan takarar jam'iyyar, don haka shi ne gwamna. Mutumin da bai yi yaƙin neman zaɓen gama gari ba ya shiga gidan gwamnati.

Mutanen Zamfara sun ga ɗaya fuskar. A zaɓen 2019 APC ta lashe kujerar gwamna da na 'yan majalisa. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a yi rantsuwa, Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, saboda haka ba ta da 'yan takara, ƙuri'unta kuma sun tashi a banza. Bello Matawalle na PDP, wanda ya zo na biyu, shi aka rantsar.

To wa ke riƙe da wannan ƙofa? Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacinta, ta tanadi hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk ɗan jam'iyya ke da ƙuri'a, da zaɓen daliget, da kuma maslaha. Kafin ma a kai can akwai kuɗin shiga. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. A Birtaniya kuwa, mai neman kujerar majalisar dokoki sa hannun masu zaɓe 10 daga mazaɓarsa yake nema, da ajiyar fam 500, wadda ake mayar masa idan ya sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Bambancin nan shi ke nuna wa za a iya ambaton sunansa a kowace ƙasa, da wanda ba zai ko kusanci ƙofar ba.

(KIƊAN RUFE SHIRI YA FARA A HANKALI)

Saboda haka jama'a, kiranmu biyu ne. Ga 'yan uwanmu ma'aikatan ɗakin labarai, a riƙa bambanta miƙa suna da naɗi, a bambanta tsayar da ɗan takara da cin zaɓe, domin mai saurare da abin da muka faɗa yake aiki. Ga mai ƙuri'a kuma, sunayen da za ka tarar ranar zaɓe an riga an tace su watanni kafin nan, a ofishin jam'iyya na mazaɓarka da wajen zaɓen fid da gwani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana son ɗan takara nagari, ka yanki katin jam'iyya, ka halarci taron mazaɓa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. 

(KIƊA YA TASHI)