ITACEN DA ZAI JURE WA GOBE

Bayani ga Hakimai da Malamansu a kan daji da sauyin yanayi

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da Malamansu, musamman na ƙasar Zazzau, don su san abin da masu binciken itatuwa suka gano, kāna su bayyana wa Dagatai da Masu Unguwa da sauran talakawa. Maganar duka a kan abu ɗaya ta ke. Gero da dawa 'yan watanni su ke yi a gona, in shekara ta ɓaci sai manomi ya sake iri baɗi. Itace kuwa ba haka ya ke ba. Ɗorawar da aka shuka bana a Tudun Jukun, jikoki ne za su ci moriyarta sosai, kuma zafi da ruwan zamaninsu za ta fuskanta, ba na zamaninmu ba. Saboda haka wajibi ne mai dashe ya zaɓi irin da zai jure wa yanayin shekara arba'in ko hamsin masu zuwa.

1. ABIN DA YA SAUYA

Tun lokacin da mutane suka shiga ƙona kwal da man fetur da gas masu yawa, suna kuma sare dazuzzuka, wata iska da a ke kira kabon ta yi ta taruwa a sararin sama. Aikinta kamar na bargo ne, watau tana hana zafin ƙasa fita. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska akwai kashi 280 nata. Yanzu ta haura 420. Zafin duniya kuwa ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya bisa ga na ƙarshen ƙarni na 19.

A Samaru an daɗe ana auna ruwan sama, gama tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can. Ruwan Zariya yakan kai wajen inci 40 a shekara, watau milimita 1,000 ko ɗan fiye, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Dattawa ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, ko na 1983 da 1984, sa'ad da ruwa ya ja baya ƙwarai a ƙasar Hausa duka. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Masana sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka bayyana a 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982.

Ga abin da wannan ke yi wa itace. Ruwan da ya zubo gaba ɗaya ba ya samun shiga ƙasa, sai ya kwarara ya kwashe ƙasar sama, ya haƙa kwazazzabai. In kuma aka sami tsaikon ruwa na mako biyu ko uku bayan dashe, ƙananan itatuwa sai su bushe. Ƙarin zafin bazara yana tsotse laimar ƙasa da wuri, ya raunana itace, gara da ƙwari su same shi da sauƙi, gobarar daji kuma ta ƙara ƙarfi.

2. AWO YA FI JITA-JITA

A 1935 wani Bature masanin daji, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa hamada tana tahowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Magana ta yi girma har Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan daji, ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Ba su tarar da tekun rairayi yana tafiya ba. Abin da suka gani shi ne ɓarnar sassabe da wuta da kiwo a wurare dabam dabam. Wannan shi ne tushen aikin kimiyya: a je a gani, a auna, a rubuta, sa'an nan a yanke shawara. Gani ya kori ji.

3. GWAJIN SAMARU

A 1964 aka buɗe Tashar Binciken Itatuwan Daji a Samaru, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Yanzu reshe ce ta Cibiyar Binciken Daji ta Nijeriya da ke Ibadan. Dalilin kafa ta shi ne, dajin ƙasarmu na doka da maje da marke yana jinkirin girma, ga shi birane suna ta bunƙasa, suna bukatar itacen wuta da azara da turakun waya.

Cikin itatuwan da aka gwada akwai turare, wanda asalinsa na Ostareliya ne. Ba a ɗebo irinsa daga wuri ɗaya ba. An samo shi daga yankuna da yawa na ƙasar tasa, aka shuka kowanne a filinsa, a jere, a gandun daji kamar na Afaka kusa da Kaduna, aka riƙa auna tsawo da kauri kowace shekara. Itace ɗaya ne, suna ɗaya, ganye ɗaya, amma sakamako ya bambanta nesa ba kusa ba. Irin da ya fito daga Petford da Katherine, a arewacin Ostareliya, shi ya yi fice. Na kudancin ƙasar kuwa ya tsumbure. Dalili a fili ya ke: a arewacin Ostareliya ruwa yana sauka ne lokacin zafi, sa'an nan dogon rani ya biyo baya, daidai da namu. A kudu kuwa lokacin sanyi a ke ruwa.

Darasin nan ya wuce turare. Kowane itace yana gadon jimirin mahaifarsa. Tsamiyar da kakanninta suka tashi a Katsina ko Maraɗi ta saba da ƙishi fiye da wadda ta tashi a kudancin Zazzau. Shi ya sa masana daji a ƙasashe da yawa yanzu su ke ba da shawara a gauraya iri, watau mafi yawa na gida, wani kashi kuma daga inda ya fi zafi da fari, a shuka su tare, a lura da wanda ya fi rayuwa. Ba a cewa a watsar da na gida, gama shekarun ruwa mai yawa ma suna nan tafe.

4. KADA A DOGARA GA ITACE ƊAYA

Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, baƙuwa ce daga Indiya. A 1928 aka fara dasa ta a Barno, ta bazu har ta zama itacen kowane titi da kowace makaranta. Amma a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sai aka ga darbejiya tana zubar da ganye tana bushewa a Nijar da arewacin Nijeriya, ga kuma wani ƙwaro da ya far mata a kewayen Tafkin Chadi. Masu bincike sun danganta bushewar da wahalar fari da taurin ƙasa, suka kuma lura cewa darbejiyar Afirka ta Yamma daga iyaye kaɗan ta yaɗu, don haka rauninta iri ɗaya ne. Garin da inuwarsa duka ta itace ɗaya ce, ciwo ɗaya ya isa ya bar shi a rana.

Turare ma yana da nasa aibi. Yana da shan ruwa, saiwarsa kuma tana shiga gona ta yi gasa da amfani. A Yambawa ta ƙasar Kano, inda aka jera shi don tare iska, bincike ya nuna sai an haƙa rami an datse saiwar da ta nufi gona kafin gero na kusa da shi ya yi kyau. Don haka wurinsa gandu ne ko bakin hanya, ba tsakiyar gona ko kusa da rijiya ba.

5. DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashe a ƙasar Maraɗi, mafi yawan abin da a ke dasawa kuwa mutuwa ya ke yi. Sai ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu ta riga ta kai ga laima. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi kututturen da ya ke so, ya bar reshe uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. A can suna kiran wannan sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawanci a ƙasashen Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya sa ta ci nasara biyu ne. Na farko, toho ba ya bukatar ban ruwa, kuma ya riga ya tsallake farin da ya kashe waɗansu. Na biyu, manoma sun sami tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne. Gawo ya fi yawa cikin abin da suka bari, gama yakan zubar da ganye da damina, bai hana amfani rana ba, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. A Zazzau, ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da kanya da ƙirya da kalgo su ne ya kamata a fi kula da su.

6. ME YA SHAFI TUDUN JUKUN?

Wani zai ce Tudun Jukun unguwa ce cikin Tudun Wada, ina ruwanta da daji? Ruwanta da yawa. Itacen wuta da gawayin da a ke girki da su a unguwar daga daji a ke kawo su, kuma ƙirya da marke, masu jinkirin girma, su masu gawayi suka fi nema. Gidaje sun matsu, rufin kwano ya yawaita, zafin bazara ya fi tsanani inda babu inuwa. Ruwan da ƙasa ta kasa sha kuma shi ne ke cika kwatami, ya ci gindin katanga, ya gangara Kubanni da yashi.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, har da Katsina da Kano, maƙwabtanmu. Kaduna ba ta cikin jerin farko. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garin da a ke kiran unguwanninsa da sunan rimi, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, bai kamata ya rasa manyan itatuwa ba. Harabar makaranta da masallaci da maƙabarta da bakin rafi, duk wuraren dashe ne.

7. AIKIN HAKIMI

A zamanin En'e gandun daji yana hannun Sarki da ma'aikatansa. Yanzu iko ya koma ga Gwamnatin Jiha da Ƙananan Hukumomi, amma har gobe maganar Hakimi ita talakawa suka fi ji. Ana roƙon Hakimai su lura da waɗannan:

(a) A tara iri daga iyaye masu lafiya aƙalla 25 ko 30, masu nisa da juna kamar taki 100, ba daga itace ɗaya na ƙofar gida ba. Ƙwarar kaɗanya ba ta jimirin ajiya, a shuka ta cikin 'yan kwanaki.

(b) A gauraya itatuwa. Kada wani fili ya zama na iri ɗaya kaɗai.

(c) A yi dashe in damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Dashen ƙarshen Agusta ba ya samun kafa saiwa kafin rani.

(d) A yi wa kowane dashe ɗan gurbi mai tare ruwa, a rufe gindinsa da ciyawa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. A sanya wanda zai kula da shi, a san sunansa.

(e) A gargaɗi manoma su bar toho lokacin sharar gona, a kuma tabbatar musu, da sanin malamin daji, cewa abin da suka rena ba za a ƙwace ba.

(f) A share hanyar tare wuta kewaye da gandu tun kaka, kafin ciyawa ta bushe sarai. A yi sulhu tsakanin manoma da makiyaya a kan sassakar ganye, a yanki reshe, kada a kashe uwa.

8. AIKIN MALAMI

Masana ba za su iya zama a kowace gunduma ba, amma Malamin Hakimi yana nan kullum. Ya buɗe littafi na musamman, ya rubuta wurin da aka yi dashe, da sunan itacen, da garin da aka samo irinsa, da ranar dashe, da adadi. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, ya koma ya ƙirga masu rai. Ya rubuta ranar ruwan shuka da ranar ruwan ƙarshe, da duk tsohon itacen da ya bushe ba dalili. Ya rubuta gaskiya ko da ba ta da daɗi, gama rahoton da ya ce an dasa 1,000 bai faɗi kome ba sai ya faɗi nawa suka ga damina ta biyu. Ya aika da kwafi ga malamin daji na Ƙaramar Hukuma kowace shekara.

Littafi irin wannan, in ya shekara goma, zai nuna wa gunduma irin da ya dace da ita, kamar yadda filayen Afaka suka nuna wa ma'aikatan Samaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ƙarin bayani ya nemi ofishin gandun daji mafi kusa da shi, ko tashar Samaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.