Ɗalibin likitanci da na aikin gona a aji ɗaya: darasin da ruwan Tibiri ya bar wa jami'o'in Nijar

A Tibirin Gobir, kilomitoci kaɗan daga birnin Maraɗi, akwai magidanta da matan aure da suka girma da ƙafafu a lanƙwashe, haƙoransu sun rine tun suna ƙanana. Ba shan inna ya kama su ba. Ruwan fanfo suka sha, daga wata rijiyar burtsatse da aka soma amfani da ita a 1985, wadda ruwanta ke ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kada sinadarin ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita ɗaya. Na Tibiri ya ninka haka sau uku zuwa huɗu. Ɗaruruwan yara suka nakasa, kuma an kwashe kusan shekara 15 ana shan ruwan. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin, duniya ta ji.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne daɗewar. Illar fulor ga ƙashin yaro ba sabon ilimi ba ne a lokacin, haka ma auna shi a cikin ruwa. Sai dai ilimin a rabe yake: rabinsa yana hannun mai duba yaro a asibiti, rabinsa yana hannun mai sanin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan mutane biyu a makarantu dabam aka horar da su, ma'aikatu dabam suke yi wa aiki, kuma babu wani abu a cikin karatunsu da ya tilasta su zauna tabarma ɗaya.

Shekaru bayan haka, a damanar 2016, irin wannan giɓi ya sake bayyana a jihar Tawa. A yankunan Cintabaradan da Tasara dabbobi suka riƙa ɓari suna mutuwa, sannan makiyaya suka soma kwantawa da zazzaɓi, wasu har da zubar jini. Sai da aka aika samfurin jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar a watan Satumba cewa zazzaɓin kwarin Rift ne. Mutum sama da 30 suka rasu. Sauro ne ke yaɗa cutar tsakanin dabbobi idan ruwa ya kwanta a tafkuna, mutum kuma yana ɗauka wajen yanka, ko taimaka wa dabba haihuwa, ko shan nonon da ba a tafasa ba. Ke nan ɓarin tumaki da raƙuma shi ne gargaɗin farko, kuma ba likitan mutane ne ke fara ganinsa ba.

Tunanin ya samu karɓuwa, gudanarwa ce ta rage

Wannan haɗin yana da suna yanzu. Masu kula da lafiyar dabbobi da ta mutane suna ce masa "Lafiya Ɗaya", kuma tun watan Maris na 2022 hukumomi huɗu na duniya suka ƙulla yarjejeniya a kansa: OMS, da FAO mai kula da abinci, da hukumar lafiyar dabbobi, da ta muhalli. Wasu kuma sun faɗaɗa shi zuwa "lafiyar doron ƙasa", bayan wani rahoto da mujallar Lancet da gidauniyar Rockefeller suka fitar a 2015, wanda ya nuna cewa ɗan Adam yana samun lafiyarsa ta yau ne ta hanyar cinye muhallin da jikokinsa za su dogara da shi.

Amma amincewa a taro daban, shiga aji daban. Wani bincike da ƙungiyar ɗaliban likitanci ta duniya ta gudanar, aka wallafa a 2020, ya duba makarantun likitanci sama da 2,800 a ƙasashe 112. Kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka sanya canjin yanayi da lafiya a manhajarsu. Idan manyan jami'o'i masu kuɗi suna jan ƙafa haka, to matsalar ba ta tsaya ga talauci ba. Tana cikin yadda ake tafiyar da jami'a.

A takarda, Nijar ba ta rasa kayan aiki ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da na Damagaram da Tawa, tana da tsangayar ilimin lafiya, tana kuma da ta aikin gona da muhalli, duka a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ta fi su daɗewa da yawan fannoni. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, wadda ke bin diddigin ruwan sama da amfanin gona na yankin Sahel, da ACMAD mai hasashen yanayi, da CERMES da ta daɗe tana binciken sanƙarau. Ba kowane birni ba ne a Afirka ke da waɗannan a wuri guda.

Tambaya ta farko da ke gaban duk shugaban jami'ar da ke son haɗa su ita ce: darasin na wa ne? A tsarin LMD da ake bi, zangon karatu guda kiredi 30 ne, lisans 180, masta ƙarin 120. Ba a ƙara wani abu sai an cire wani. Duk awar da aka ba darasin ruwa da lafiya, daga hannun wani malami aka karɓo ta, kuma da wuya a samu malamin da zai ce darasinsa ne ya kamata a rage. Manhajar likitanci kuwa a cike take maƙil tun asali. Shi ya sa a wurare da dama ake ƙarewa da lacca ɗaya ko biyu ta baƙon malami, babu jarrabawa, babu maki. Ɗalibi kuwa ya san abin da ba a yi masa jarrabawa ba, ba a tambayarsa.

Sai batun malaman kansu. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransanci, ƙarin girman malamin jami'a yana bi ne ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, inda kwamitoci ke duba takardunsa fanni-fanni. Likitanci yana da kwamitinsa, ilimin halittu da aikin gona suna da nasu. Matashin malamin da ya ba da shekara uku yana binciken ruwan rijiyoyi da ƙashin yara dole ya tambayi kansa wane kwamiti ne zai ɗauki aikin a matsayin nasa. Wanda ya tsaya a cikin fanninsa ba ya da wannan fargaba. Muddin jami'a ba ta lissafa wa malami awoyin koyarwar haɗin gwiwa a cikin aikinsa ba, sai dai a dogara ga mai kishi, shi kuma mai kishi yana gajiya, ko ya samu aiki a wata ƙasa.

Cuta tana bin yanayi, jami'a tana bin kalanda

Akwai kuma wani cikas da ba a cika ambato ba. Irin wannan ilimi a fili ake koyonsa, cututtukan kuma kowace da lokacinta. Sanƙarau yana zuwa da ƙurar hunturu da zafin bazara, ya lafa da saukar ruwan farko. A 2015 ya kama mutum kusan 8,500 a Nijar, ya kashe sama da 500. Zazzaɓin cizon sauro da kwalara na damana ne da farkon kaka, daidai lokacin da ɗalibai ke hutu. A 2024, da ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasar, Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Waɗannan makonni su ne ajin da ya fi kowane aji: masai sun cika sun malale cikin rijiyoyi, ruwa ya kwanta a unguwanni, jama'a sun tare a makarantu. Shirin da bai tanadi fita fili a damana ba zai yaye mutanen da suka san ambaliya a allo kawai. Idan aka ƙara da yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna, haɗa ɗaliban tsangaya biyu a mako ɗaya ya zama aiki mai zaman kansa, wanda ke buƙatar mutum guda mai ofis da ikon sa hannu, ba kwamitin da ke zama sau biyu a shekara ba.

Wasu jami'o'in Afirka sun gwada. Ƙawancen AFROHUN, mai hedikwata a Kampala, ya haɗa makarantun lafiyar al'umma da na likitan dabbobi a ƙasashe irin su Uganda, Ruwanda, Habasha, Kamaru da Senegal. Dabararsu mai sauƙi ce: a zaɓi wani yanki, a kai ɗalibai daga fannoni dabam-dabam su zauna tare da mutanen wurin, a ba su matsala ɗaya su warware a ƙungiya. Ɗalibin likitanci yana jin tambayoyin da na dabbobi ke yi wa makiyayi, tambayoyin da shi ba za su taɓa zo masa ba. Darasi na biyu daga wannan ƙawance ya fi ɗaci. Da tallafin hukumar USAID ta Amurka aka gina shi, kuma a 2025 aka rushe hukumar. Duk shirin da kuɗin motarsa da man fetur ɗinsa ke zuwa daga waje, ranar da mai bayarwa ya sauya ra'ayi ɗalibai za su koma cikin aji.

Saboda haka buɗe sabuwar masta mai ƙyalƙyalin suna ba lallai ne ya zama matakin farko ba, ko da yake shi ya fi daɗin sanarwa. Gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati tana lissafa takardun da take nema da sunansu, kuma wanda ya riƙe takardar da ta faɗa tsakanin ma'aikatar lafiya da ta muhalli yana iya tarar da kowace tana tura shi ga ɗayar. Abin da ya fi araha, ya fi kuma wuyar mutuwa, shi ne darasi ɗaya na dole mai kiredi da jarrabawa, a cikin takardun da aka riga aka sani, wanda malamai biyu daga tsangaya biyu za su koyar tare, da mako biyu ko uku a ƙauye, kuɗinsa kuma a cikin kasafin jami'ar. Likita ya fita a matsayin likita, amma wanda idan ya ga yara biyar daga unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya zai tambayi inda suke ɗibar ruwa.

Maƙwabta sun biya tsadar rashin wannan tambaya. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda jarirai ke rarrafe. Alamomin, wato amai da jijjiga da suma, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau. Nijar ma tana da nata wuraren haƙar zinariya na gargajiya, daga Komabangu a jihar Tilaberi zuwa Jado a arewa, inda dubban matasa daga kudu ke zuwa neman arziki.

Ga wanda ya ci jarrabawar bak yana neman inda zai dosa, ko ɗan ci-rani a Legas, Aljeriya ko Faransa da ke biya wa ƙanensa kuɗin makaranta, sunan shiri bai isa ya sa a fitar da kuɗi ba, musamman yanzu da makarantu masu zaman kansu suka yawaita, kowace tana ƙara kalmar "muhalli" a allonta. A tambaya ko gwamnati ta amince da takardar, da ko CAMES ta san da ita. A tambaya mako nawa ake yi a fili, a wane gari, kuma wa ke biyan kuɗin tafiyar. A nemi ganin ɗakin gwaje-gwaje, a ga ko akwai abin auna ruwa da ke aiki. Sannan a nemi sanin inda waɗanda suka kammala bara da bara waccan suke aiki yanzu.