Muryar Fatalwa A Cikin Adaka

Kwanakin baya, bayan an yi sadakar arba'in ta wani dattijo a nan Zongon Tamale, mun bi ta ƙofar gidansa muka tarar da yara suna ta guje-guje, kowanne yana jan wani baƙin zare mai ƙyalli yana tashi cikin iska. Da muka matsa kusa sai muka gane zaren kaset ne. Ashe magada ne suka buɗe adakar marigayin, suka raba tufafi da darduma, sa'an nan suka ɗauki sauran a kan tarkace suka watsar a juji. Guda bakwai kaɗai muka tsinta da sauran lafiya. A jikin kowanne akwai rubutun hannunsa, wani da boko wani da ajami, kuma a kan ɗaya ya rubuta Bees Saal Baad.

Ya ku masu karatu, duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da wannan suna yake nufi. Iyayenmu da yayyenmu sun ba mu labarin zamanin da ake cika gidajen silima na Rivoli da Victory idan an kawo fim ɗin Indiya, mutum ya kalli fim guda sau biyar bai ji kalma ɗaya ta yaren ba, amma ya fito yana rera waƙar daga farko har ƙarshe. Bayan juyin mulkin ranar 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu, kasuwar silima ta yi sanyi, bidiyo ya shigo ɗakunan unguwa. A nan ne mu yaran lokacin muka yi kallonmu. Amma abin da mutum yake iya kai wa gida ya ajiye shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Da shi talaka ya mallaki waƙa.

A cikin waƙoƙin da aka tara, waɗanda suka fi zama a zuciya su ne na finafinan fatalwa, kuma akwai dalili. Asalin wannan salo shi ne fim ɗin Mahal na 1949, wanda Kamal Amrohi ya shirya, Ashok Kumar da Madhubala suka fito a ciki, Khemchand Prakash ya tsara kiɗan. Labarin wani mutum ne da ya shiga tsohon gida yana jin muryar mace tana waƙa cikin dare. Domin muryar ta yi kamar daga nesa take tahowa, sai aka sa mawaƙiyar ta tsaya can ƙuryar ɗakin ɗaukar murya, tana rerawa tana takowa sannu a hankali zuwa ga makirfo. Da faifan ya fito ba a rubuta sunanta ba, sunan Kamini aka sa, watau matar da ke cikin labarin. Sai da masu sauraro suka dami gidan rediyon Indiya da tambaya kafin aka sanar cewa Lata Mangeshkar ce. Daga nan tauraruwarta ta haska, har ta rasu a watan Fabrairun 2022 tana da shekara 92.

Wannan hanya aka bi a Madhumati na 1958, da Bees Saal Baad na 1962 mai kiɗan Hemant Kumar, da Woh Kaun Thi na 1964 mai kiɗan Madan Mohan, da Gumnaam na 1965 na Shankar da Jaikishan. A dukansu ba ihu ake yi ba. Murya ce mai zaƙi, kiɗa kaɗan, amsa-kuwwa mai tsawo, sa'an nan shiru. Waƙar takan dawo duk lokacin da fatalwar za ta bayyana, har ya zama da an fara ta tsikar jikin ɗan kallo ta tashi tun bai ga kome ba. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. A tatsuniyoyin da kakanninmu suke yi mana da dare, inda abin ya fi ban tsoro nan ne mai tatsuniya take sassauta murya ta sa waƙa, yara su ƙara matsowa jikinta.

Turawa kuwa wata hanya suka bi, su da kayan kiɗa suke tsorata mutum. A fim ɗin Psycho na 1960, Bernard Herrmann bai yi amfani da ganga ko kayan busa ba, dangin goge kawai ya tara. Alfred Hitchcock ya so a bar wurin kisan da aka yi a makewayi babu kiɗa, amma Herrmann ya tsara nasa, ya sa masu goge suna sarar tsirkiya da ƙarfi kamar sukar wuƙa, da mai fim ya ji sai ya sauya ra'ayi. A Jaws na 1975, John Williams sauti biyu kawai ya jera, yana maimaita su suna ƙara sauri kamar bugun zuciyar wanda ake kora, ya kuwa sami kyautar Oscar. A Halloween na 1978, John Carpenter da kansa ya kaɗa fiyano a kan bugu biyar maimakon huɗun da kunne ya saba da shi, shi ya sa mai sauraro ba ya samun inda zai sauke numfashi. Mu da muke zaune da makaɗan goge da kalangu na Dagomba mun san cewa abin da ke kai amarya ɗaki shi ne ke raka sarki kushewa, hannu ne kawai yake sauyawa.

Daga baya 'yan'uwan nan na gidan Ramsay a Bombay suka haɗa hanyoyin biyu, a finafinai irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, wanda Bappi Lahiri ya yi wa waƙoƙi. Ga dodo da ƙarar ƙyaure da kukan iska, ga kuma waƙar soyayya a tsakiya. Su ne suka hana mu barci a ɗakunan bidiyo, tare da namu na gida irin su Zinabu na 1987 wanda William Akuffo ya yi a kan maita. Sai dai kaset ɗin kanti galibi waƙoƙi kaɗai yake ɗauke da su, ban da kiɗan da ke bin labari. Saboda haka masu son wannan kiɗa sukan kara rikoda a bakin talabijin su ɗauka da kansu. Irin wannan kaset ba shi da na biyu a duniya, domin a ciki za a ji kukan jariri, da carar zakara, da muryar wata tana salati don firgita. Ba fim kaɗai aka ɗauka ba, har da zongon wannan dare.

Wani zai ce ai duk waƙoƙin nan suna cikin waya yanzu. Gaskiya ne, amma intanet ba zai gaya maka wace waƙa ce ta kama Tamale ba, ko sunan da mutanenmu suka laƙaba wa fim ɗin, ko wa ya fara ɗora baitin Hausa a kan karinta. Wani kuma zai ce sharholiya ce. To, mu tuna da cewa kari irin na waɗannan waƙoƙi ya shiga har makarantun Islamiyya, inda aka ɗora masa yabon Annabi a lokacin Mauludi. Wata mai bincike, Katie Young, ta zo garin nan ta yi nazari a kan haka, kamar yadda Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi a Kano. Baƙi sun ga darajar abin, mu masu shi muna zubarwa. A Cape Coast, marigayi Kwame Sarpong ya tara tsofaffin faya-fayan garmaho har ya buɗe musu gidan ajiya a 1994, kuma da adakar mutum ɗaya aka fara.

Abin da ya rage gare mu ba mai wuya ba ne. Maƙiyan kaset huɗu ne: zafi, ƙura, laima da maganaɗisu. A garin da zafin Maris yake kai digiri 40, kada a ajiye shi ƙarƙashin kwano ko bakin taga, kada kuma a ɗora shi kan sifika, domin maganaɗisun ciki yana cin sauti. A tsayar da shi cikin kwalinsa, a rufe saboda ƙurar hunturu da hunhunar damina. A ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada wani ya ɗauki sabon abu a kai. Sau ɗaya a shekara a juya zaren daga farko zuwa ƙarshe, ko da biro ne. Sa'an nan a nemi yaro mai kwamfuta ya kwafe sautin tun rikodar gida tana da sauran rai.

Mafi muhimmanci, a zauna da mai kaset ɗin tun yana numfashi. A kunna masa, a tambaye shi inda ya kalli fim ɗin, da wa suka je, nawa aka biya, a rubuta. Malaman makaranta muna iya ba ɗalibai wannan aiki a hutu, su yi shi da Hausa, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mun kunna kaset ɗin marigayin daren da muka tsince shi. Zaren ya ɗan saki, amma muryar tana nan, tana tahowa daga nesa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu gyara tun rana ba ta faɗi ba.