Adalci Wajen Rabon Baiwa A Wasan Dungeons & Dragons

Akwai wani wasa da a ke yi a kan tebur, sunansa Dungeons & Dragons. Mutum biyu ne suka ƙago shi a ƙasar Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, aka fara buga littattafansa a 1974. Ba kuɗi a ke sa wa ba, labari a ke ƙullawa. Alƙalin wasa ya kan bayyana ƙasa da abin da ke cikinta, sauran kuwa ko wanne ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa. In jarumi ya nufi yin wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace.

To, kafin a fara, lalle ne a yanka wa ko wane jarumi rabonsa na baiwa shida: ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da basira, da hikima, da kwarjini. A nan ne gardama ta ke.

Bisa ga ƙa'idar 1974, alƙali ne ke jefa 'ya'yan ludo uku masu fuska shida, a haɗa abin da ya fito, a rubuta. Haka za a yi sau shida bi da bi. Mafi ƙanƙanta 3, mafi girma 18. Malaman lissafi sun san hanyoyin faɗuwar 'ya'yan nan uku 216 ne. Hanya ɗaya tak ke ba da 18, amma 54 ke ba da 10 ko 11, watau ɗaya cikin huɗu. Saboda haka yawancin jarumai tsaka-tsaki su kan fito. A littafin alƙalai na 1979 Gygax ya kawo wata hanya, a jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta. Wannan ya ɗaga matsakaicin daga 10 da rabi zuwa 12 da ɗan ɗoriya, 18 kuma ta zama hanya 21 cikin 1,296.

Masu son jifa sun ce ai wannan shi ne adalci, gama ɗan ludo bai san ɗan sarki ba, bai san talaka ba. Gaskiya ne kowa damarsa ɗaya kafin a jefa. Amma fa a duba abin da ke biyo baya. A bugu na biyar, na 2014, mai 18 a kan ƙara masa 4 duk sa'ad da ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin, mai 8 kuwa a rage masa 1. Tsakaninsu 5 ke nan cikin 20. Ga shi kuwa wasan ba na yini guda ba ne, a kan yi watanni ana bin labari ɗaya. Ashe jifar minti biyar ita za ta sa wani ya riƙa cin nasara ko wane mako, abokinsa na gefe yana kallo. Ko wane malami ya san yadda yaro ya kan yi sanyi in ya tabbata tun farkon shekara ba shi da hanyar kamo na gaba.

Don haka bugun 2014 ya ba da waɗansu hanyoyi biyu. Ta farko, a ba kowa lambobi iri ɗaya, 15, 14, 13, 12, 10, 8, ya raba su yadda ya ga dama. Ta biyu, a ba kowa maki 27 ya sayi baiwarsa tsakanin 8 da 15, mafi girma ta fi tsada. Aibinsu shi ne jarumai su kan yi kama da juna, daɗin ba-zata kuma ya tafi. Waɗansu sun sami tsakiya: mutanen tebur su jefa lambobi shida tare, sa'an nan kowa ya yi aiki da su.

A ganina wannan ta tsakiyar ta fi, domin ta bar sa'a ta yi aikinta, ba ta kuwa fifita wani a kan wani ba. Amma ko wace hanya aka zaɓa, abin da ya fi ɓata zumunci shi ne sake ƙa'ida bayan an ga sakamako. Wani ya jefa a gida ya zo da 18 biyu ba shaida. Wani ya yi ƙorafi alƙali ya bar shi ya sake, mai kunya kuwa ya haƙura da nasa. Maganin wannan, a shirya ƙa'ida kafin kowa ya taɓa ɗan ludo, a faɗi ƙarancin da zai sa a sake jifa, a jefa a gaban jama'a, abin da aka yi wa ɗaya a yi wa duka. Tun ran gini, tun ran zane.