LEMON KWALBA: ME YA SA YAKAN YANKE, ME YA SA KWALBAR TAKE CANZAWA?



Kowace shekara da an gama girbi sai hidimomi su taso: sujadar godiya ta kaka, Kirsimeti, Sabuwar Shekara, ɗaurin aure, taron Zumuntar Mata. Da wuya a yi ɗaya daga cikinsu ba a sauke kiret ɗin lemo ba. A daidai wannan lokaci ne kuma akan ji mai kanti a Kajiji ko Shagari ko Boɗinga ya ce, "Ya yanke, mota ba ta zo ba," ko ya ce, "An ƙara kuɗi." Waɗansu sukan ce ɓoyewa ya yi. Waɗansu kuma su ce kwalbar bana ba ta kai ta bara ba. Bari mu bi maganar daga tushe, gama kuɗin da ke tafiya wurin lemo kuɗin gero ne da dawa da albasa.

Abin da ke cikin kwalba

Lemon kwalba abu huɗu ne: ruwa, sukari, iska, da sinadarin ɗanɗano. Ruwa shi ne mafi yawa, shi ne kuma kaɗai ba a wahalar samu.

Sukarin da ake sha a Nijeriya, fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje ake kawo ɗanyensa, yawanci daga Birazil, a tace shi a matatun da ke bakin teku kamar ta Dangote a Apapa. Gonakin rake na Bacita da Numan ba su taɓa isar ƙasar ba. Watau da dala ake sayen sukari.

Iskar nan da ke tasowa in an buɗe kwalba, a ƙasashe da yawa daga ma'aikatun takin zamani ake tara ta, gama tana fita ne sa'ad da ake haɗa taki. A 2018 waɗansu ma'aikatun taki na Turai suka tsai da aiki lokaci ɗaya, sai iskar ta yi ƙaranci a Ingila, har Coca-Cola ta dakatar da cika kwalabe a waɗansu injinanta. Ashe taki da lemo suna da dangantaka.

Sinadarin ɗanɗano kuwa asirin uwar kamfani ne. Ita ke sayar wa masu cika kwalba. Kalmar "cola" ɗin ma daga sunan goro ta fito, domin wani mai haɗa magani, John Pemberton, da ya fara haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka a 1886 ya sa goro cikin haɗinsa.

Dalilan yankewa

Na fari, kuɗin waje. Manya za su tuna da 1982, lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, mutumin nan garin Shagari, ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Aka takura shigo da kaya, sai mai takardar izini. Zuwa 1984 mutane suna bin layi domin sukari da madara da sabulu. Ma'aikatar da ba ta sami sukari ko kayan gyaran inji ba, tilas ta rage aiki. Irin wannan ya sāke faruwa a wata siffa: kafin Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin Fabrairu 2024 ta wuce naira 1,500. Duk abin da ake saye da dala sai da ya tashi.

Na biyu, nisa. Kajiji tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, amma lemon da ke kantunanta daga nesa yake zuwa. Daga ma'aikatun Challawa a Kano zuwa Sakkwato ya fi kilomita 500. Daga Legas ko Jihar Ogun kuwa wajen kilomita 1,000 ne. Motar nan ruwa take ɗauke da shi, ruwa kuwa nauyi gare shi, ga man dizal ya yi tsada tun 2022. In hanya ta lalace da damina, ko direbobi suka ji tsoron 'yan bindiga a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, sai mota ta yi jinkiri.

Na uku, layin rabo. Daga ma'aikata sai babban dila a birni, daga shi sai ƙaramin dila, sa'an nan mai kantin ƙauye. In kaya sun yi kaɗan, birni ke fara ɗauka. Ƙauye shi ne wutsiya.

Na huɗu, lokaci. Da bazara, da watan azumi da Salla na maƙwabtanmu Musulmi, da kuma Disamba, kowa yana nema gaba ɗaya. Ba mu ce babu mai ɓoye kaya ba, akwai. Amma sau da yawa mai kantin da muke zargi shi ma jira yake yi.

Ban da waɗannan, a 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Wannan ma a kan mai sha yake ƙarewa.

Daga kwalba zuwa roba

Kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951, ya fara cika Coca-Cola a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up na iyalin El-Khalil ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka sami 'yancin kai. Shekaru masu yawa duk a kwalbar gilashi ake sayarwa. Kwalbar ta kamfani ce, ruwan ciki kaɗai ka saya. Sai ka kawo wofi a ba ka cikakkiya, ko ka ajiye kuɗin jingina. Mota ta zo da kaya, ta koma da wofi, a wanke, a sāke cikawa. Saboda haka in wofi bai koma ba, ma'aikata ba ta da abin zubawa. Kiret ɗin da aka manta da shi a bayan ɗakin sujada wata uku, shi ma yana cikin masu kawo yankewa.

Bayan shekara ta 2000 sai robar da ba a mayarwa ta fara yawa, da gwangwani. Ga kamfani wannan sauƙi ne: roba ba ta da nauyi, ba ta fashewa, mota ba ta komawa da wofi, ba a bukatar injin wanki. Da wannan ne ma'aikata ɗaya take iya ciyar da jihohi da yawa, har manyan kamfanoni suka rufe waɗansu ƙananan ma'aikatunsu suka tattara aiki a 'yan wurare.

Ga mai sha kuwa akwai abin lura. Robar daga man fetur ake yinta, kuɗinta yana cikin farashin, kai ne ka saye ta. Iskar lemo takan sulale ta jikin roba sannu a hankali, balle in an jera ta a rana, shi ya sa lemon roba yakan yi salam kafin na gilashi. Sa'an nan robar ba ta ruɓewa. Tana nan cikin juji, a kwashe ta tare da taki a kai gona.

Gasar masu cola

Shekara da shekaru gasar ta 'yan biyu ce, Coca-Cola da Pepsi, wadda Seven-Up ya karɓi cika ta a farkon shekarun 1990. Roba ce ta buɗe wa sababbi ƙofa, gama mai shigowa ba sai ya tara miliyoyin kwalabe da kiret ba.

A 2015 Big Cola ta shigo, da ma'aikata a Agbara ta Jihar Ogun. Labarin masu ita abin koyi ne. Iyalin Ananyos manoma ne a yankin Ayakuco na ƙasar Peru, a Kudancin Amurka. Yaƙin 'yan tawaye ya kore su daga gona, ya kuma hana motocin manyan kamfanoni shiga yankin. Da suka ga lemo ya yanke, a 1988 suka fara haɗa nasu a gida suna zubawa a tsofaffin kwalabe. Yankewar da ta dami kowa, ita ce ta zama musu sana'a.

A ƙarshen 2015 Pepsi ta fito da doguwar roba mai santilita 60 a kan naira 100. A 2016 kamfanin Rite Foods ya fito da Bigi daga Ososa, ita ma a Jihar Ogun. A 2021 kamfanin Mamuda ya fito da Pop Cola a Kano, har Coca-Cola ta kai ƙara kotun tarayya a Kano a kan kamannin rubutun sunan. Nan Arewa ta sami nata.

Gasa ta amfani mai saye, gama ta hana ɗaya yin yadda ya ga dama. Amma ga dabarar da ya kamata mu gane. Kamfani ya san mutane sun saba da farashi zagaye, ɗari ko ɗari biyu, ga kuma wahalar canji. Don haka in kaya sun yi tsada, sau da yawa ba farashin yake fara taɓawa ba, girman robar yake ragewa. Mai cewa kwalbar bana ba ta kai ta bara ba, idonsa bai ruɗe shi ba.

Yadda za a yi lissafi

A jikin kowace kwalba an rubuta yawan abin da ke ciki: 35cl, 50cl ko 60cl. Santilita 100 ita ce lita ɗaya. A ce robobi biyu kuɗinsu ɗaya, naira 100. Mai 60cl, litarta ta kama naira 167. Mai 35cl, litarta ta kama naira 286. Kuɗi ɗaya aka biya, amma ba abu ɗaya aka saya ba.

Haka kuma wajen sari. Kiret mai kwalba 24 ta 35cl lita 8.4 ne. Ƙunshin roba 12 ta 50cl lita 6 ne. Ƙunshin roba 12 ta 35cl lita 4.2 ne kawai, rabin kiret ke nan. Ma'ajin ƙungiya ya raba kuɗin da yawan lita kafin ya biya.

Akwai lissafi na biyu wanda ya fi wannan nauyi. A Disamba hatsi ya cika kasuwa, farashinsa yana ƙasa. A Disamba ɗin kuma kowa yana neman lemo, farashinsa yana sama. Wanda ya buɗe rumbu domin ya sayi kiret ya yi hasara sau biyu: ya sayar da araha, ya saya da tsada. In Agusta ta zo, geron da ya sayar shi zai koma saye da ninki, ko ya ci bashi. Mun san labarin Yusufu a Masar, yadda ajiyar shekarun ƙoshi ta ceci mutane a shekarun yunwa. Lemon kuwa ba ya ƙosarwa. Kwalbar cola ta 35cl mai cikakken sukari tana da wajen cokalin shayi 9 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce wajen cokali 12 a yini. Masu ciwon sukari da yara su kula.

Ina manomi ya shiga?

Ba mai saye kaɗai ba ne manomi. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai masu yin lemon malti irin su Maltina suka koma ga dawa, ko bayan an ɗage hanin ba su daina saye ba. Ƙaron dakwara ana sa shi cikin lemo iri iri domin ɗanɗanon ya gauraya da ruwa kada ya rabu. Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, yaƙin da ya ɓarke can a Afrilu 2023 kuwa ya sa masu saye suka shiga neman wasu wurare. Borno da Yobe da Jigawa suna fitarwa, dakwara kuwa tana yi a ƙasa irin tamu. Soɓorodon da muke shukawa a gefen gona, daga Jigawa da Kano ana loda shi zuwa Meziko, can ma jiƙa shi suke yi su sha.

Shawara ga ƙungiyoyi

1. A tsai da kasafin hidima tun Oktoba, a rubuta, a karanta a gaban kowa. Kada a taɓa iri ko hatsin ci domin lemo.

2. In za a saya, iyalai su haɗa kuɗi a sara wurin dila da wuri. A duba ranar ƙarewa a jikin roba, a ajiye a inuwa.

3. Kada a kafe a kan suna ɗaya. In wannan ya yanke, wancan yana nan.

4. A mayar da wofi da kiret cikin mako, a karɓo jingina.

5. Zumuntar Mata ta gwada yin soɓo, ruwan tsamiya da citta, ko kunun aya a hidimomi, ƙungiya ta biya su. Kuɗin ya tsaya a gari ke nan. A tafasa ruwa, a bari ya huce kafin a zuba a roba, a wanke robobi da sabulu, kada a tsinto daga juji. Abin da aka yi yau a sha yau.

6. Kada ko kusa a zuba maganin feshi ko kananzir cikin robar lemo. Yaro bai san bambanci ba, zai ɗauka ya kurɓa.

Ba wanda ya ce shan lemo zunubi ne, karɓar baƙi kuwa wajibi ne a kanmu. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Darajar biki ba a yawan kiret take ba, kada wanda ba shi da hali ya ji kunya a cikin 'yan'uwa. A tattauna wannan a taron ƙungiya na wata mai zuwa, dattawa su fara nuna gurbi a gidajensu.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.